Mudun Gaskiya a Gidan Haya: Rabon Kuɗin Wuta da Ruwa Tsakanin Maƙwabta

Karatu: Galatiyawa 6:1-10

Gabatarwa

A sura ta shida ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, Manzo Bulus ya ba da umarni biyu waɗanda a ido suke kamar suna karo da juna. A aya ta 2 ya gargaɗi masu bi su tallafi juna a kan abin da ya yi wa ɗayansu nauyi. A aya ta 5 kuma ya nuna cewa akwai kayan da ya wajaba kowane mutum ya ɗauka da kansa. A harshen Helenanci da aka rubuta wasiƙar, kalmomi biyu ne dabam. Ta farko tana nufin nauyin da yake danne mutum, ta biyu kuwa ƙunshin da aka ɗora wa kowa gwargwadon rabonsa. Saboda haka babu saɓani a tsakaninsu: kowa ya ɗauki nasa kayan, wanda nasa ya fi ƙarfinsa kuma a kama masa.

Wannan koyarwa tana da daɗin ji ranar Lahadi a majami'a, amma a tsakar gidan haya ne ake gwada ta, ranar da takardar kuɗin wuta ta iso, ko daren da yunit ya ƙare a mitar da gida duka yake amfani da ita. A ranar ce ake gane wanda yake ɗaukar nasa kayan, da wanda ya saba ɗora nasa a kan maƙwabcinsa.

Suleja da gidajenta na haya

Garin da ake kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali, wadda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarautar Haɓen Zazzau ta baro Zariya. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ba sabon birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikata da masu sana'a waɗanda hayar Abuja ta fi ƙarfinsu suka yi ta kwararowa Suleja da kewayenta. Rushe gine-ginen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo iyalai da yawa.

Saboda haka a Madalla, da Kwamba, da Maje, da Rafin Sanyi, ba abin mamaki ba ne a sami gida ɗaya mai ɗakuna shida ko goma, inda Bagwari, da Bahaushe, da Bayarabe, da Ibo, da mutumin kudancin Kaduna ko Filato suke zaune ƙofa da ƙofa, Kirista da Musulmi. Famfonsu ɗaya, makewayinsu ɗaya, sau da yawa mitarsu ma ɗaya. Ba su zaɓi juna ba, kuɗin haya ne ya haɗa su. Amma mai bi ya san cewa Allah ne yake ƙaddara wa mutane wuraren zamansu, kamar yadda Bulus ya bayyana wa mutanen Atina a Ayyukan Manzanni sura 17. Maƙwabcin da aka samu a gidan haya yana cikin waɗanda Ubangiji Yesu ya umarta a ƙaunace su.

Inda rigimar take farawa

Jihar Neja ta san wutar lantarki fiye da yawancin jihohi, gama a cikinta ne madatsun ruwa na Kainji, wanda aka gama a 1968, da Shiroro, wanda ya fara aiki a 1990, da kuma Zungeru suke. Duk da haka, samun wuta da biyan kuɗinta sun daɗe suna wahal da talaka. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, shekarar da aka kafa hukumar NERC mai sa ido a kan harkar. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, kamfanin AEDC kuwa shi ya karɓi yankin Abuja, da Neja, da Nasarawa, da Kogi. A watan Fabrairu na 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita. A shekarar ce kuma aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A zuwa E, bisa yawan sa'o'in da ake ba su wuta a rana. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A zuwa naira 225. Kafin wannan, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya riga ya tsananta kuɗin tayar da janareta domin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse.

Ma'anar wannan duka ita ce, abin da dā ake ganin ƙaramin kuɗi ne, wanda ba a damu da yadda aka raba shi ba, yanzu ya zama babban kaso na abin da iyali yake kashewa a wata. Kamfani takarda ɗaya yake kawowa, ko kuwa kati ɗaya ake sa wa mita. Ba ya shiga tsakar gida ya faɗi wanda ya sha da yawa da wanda ya sha kaɗan. Wannan rabo yana hannun mazauna gidan, kuma a nan ne zuciyar mutum take bayyana.

Allah yana duba mudu

Waɗansu masu bi suna ɗauka cewa zancen kuɗin wuta ya yi ƙanƙanta da za a kawo shi gaban Allah. Littafi Mai Tsarki bai yarda da haka ba. A Littafin Firistoci 19:35-36, a surar da aka ba da umarnin ƙaunar maƙwabci, an kuma haramta yin algus a awo, ko na tsawo, ko na nauyi, ko na mudu. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba domin saye, ƙarami domin sayarwa. Karin Magana 11:1 ta nuna cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Annabi Amos, makiyayin Tekowa, ya tsawata wa 'yan kasuwar Isra'ila waɗanda suke ƙosawa Asabar ta wuce domin su koma tauye mudu. Masu zuwa sujada ne, amma a kasuwa ake sanin halinsu.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar IBB ta Suleja ya san takaicin mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Takardar da ake rubuta rabon kuɗin wuta a gidan haya ita ma mudu ce. Ana iya cika ta, ana iya tauye ta, kuma idon Ubangiji yana kanta.

Lissafin da yake tona asiri

Hanyar da aka fi bi ita ce a yi wa kowa kuɗin goro: a ƙidaya ƙofofi, a raba kuɗin daidai wa daida. Hanya ce mai sauƙi, kuma a ido tana kama da adalci. Ƙaramin lissafi ya isa ya nuna abin da yake ɓoye a cikinta.

Yunit ɗaya na wuta shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 take sha a cikin sa'a ɗaya. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10, in ya yi sa'a 5 kowane dare, yunit ɗaya da rabi kawai zai sha a wata. Fanka mai wat 70 da take juyawa sa'a 8 a rana za ta sha wajen yunit 17. Dutsen guga mai wat 1,000 yana shan yunit ɗaya a kowace sa'a. Rishon lantarki mai wat 1,500, in ana girki da shi sa'a 2 a rana, zai sha yunit 90 a wata. Wato rishon nan shi kaɗai yana shan abin da ƙwayayen fitila 60 za su sha. Ka'idar ita ce, duk abin da yake kawo zafi ko sanyi, kamar hita, da risho, da dutsen guga, da firiza, da na'urar sanyaya ɗaki, ya fi fitila da rediyo da cajin waya shan wuta nesa ba kusa ba.

A ɗauki misalin gida mai ƙofa huɗu da mita ɗaya, wanda ya sha yunit 300 a wata, a kuma ɗauka kuɗin ya kama naira 24,000, wato naira 80 kowane yunit. A ƙofa ta farko akwai gwauruwa mai ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya, ta sha yunit 20. A ta biyu akwai saurayi mai aiki a Abuja, yana fita da asuba ya dawo da dare, ya sha yunit 30. A ta uku akwai iyali mai talabijin da firij da fankoki, sun sha yunit 90. A ta huɗu akwai iyali mai rishon lantarki da firizar sayar da ƙanƙara da zoɓo, sun sha yunit 160.

In aka raba daidai, kowace ƙofa za ta biya naira 6,000. In aka raba bisa abin da kowa ya sha, gwauruwa naira 1,600 ce a kanta, saurayi 2,400, iyali na uku 7,200, na huɗu kuma 12,800. Ashe a rabon kuɗin goro gwauruwar tana biyan rarar naira 4,400 kowane wata, wato naira 52,800 a shekara, iyali na huɗu kuwa ana ɗauke musu naira 81,600 a shekara. Mafi talauci a gidan ita take tallafa wa sana'ar mafi wadata. Ba wanda ya fasa mata ɗaki, ba wanda ya sa hannu a jakarta, amma an ci haƙƙinta. In mai firizar nan dattijon ikkilisiya ne, wanda yake fitar da zakarsa ba fashi, ya kamata ya tambayi kansa ko nawa ne daga cikin baikonsa ya fito daga ɗaurin zanen gwauruwa.

Ka'idodi uku daga Maganar Allah

Shari'ar Musa ba ta san hanyar rabo ɗaya tak ba. Akwai inda Allah ya umarta a biya daidai, akwai inda ya umarta a raba bisa yawa, akwai kuma inda ya sauƙaƙa wa matalauci. Hikima ita ce a san wadda ta dace da kowane abu.

Ta fari, abin da kowa yake amfana da shi daidai, a biya shi daidai. A Fitowa 30:11-16 an umarci kowane namiji daga shekara 20 zuwa sama ya ba da rabin shekel domin hidimar alfarwa ta sujada. Ba a ƙara wa mai arziki ba, ba a rage wa matalauci ba, domin alfarwar ta kowa ce. Haka yake da kuɗin 'yan sintiri masu gadin unguwa, da fitilar tsakar gida, da gyaran ƙofar shiga, da yashe magudanar ruwa kafin damina. Kowace ƙofa tana cin moriyarsu, saboda haka kowace ƙofa ta ba da kaso ɗaya. Wanda ya ce ba zai biya kuɗin gadi ba domin ba shi da abin sata, alhali yana barci lafiya saboda gadin, yana cin gumin waɗansu ne.

Ta biyu, abin da amfaninsa ya bambanta, a raba shi bisa amfani. A Littafin Ƙidaya 26:52-56, sa'ad da za a raba ƙasar alkawari, Ubangiji ya umarci Musa ya ba kabila mai yawa babban rabo, mai kaɗan kuma ƙaramin rabo. Mutanen Yahuza 76,500 ne a ƙidayar, na Saminu kuwa 22,200. Da an ba su fili daidai, da an zalunci ɗaya. A nan ne wuta da ruwa suka faɗo. Hanya mafi tsabta ita ce kowace ƙofa ta nemi mitarta daga kamfani. In hakan bai samu ba, ana iya haɗa kuɗi a sa wa kowace ƙofa ƙaramar mita ta cikin gida, wadda ƙwararren mai gyaran wuta zai ɗaura bayan babbar mita, a riƙa karanta ta a gaban kowa a ƙarshen wata. In wannan ma ya gagara, sai a bi hanyar maki: a zauna a ƙidaya kayan wutar kowane ɗaki, a ba kowane abu maki gwargwadon ƙarfinsa da tsawon lokacin da yake aiki, a raba kuɗin bisa jimillar makin. Ƙarfin kowace na'ura yana rubuce a jikinta, ba sai an yi gardama ba. Ruwa kuwa, da kuɗin man jawo shi, da kwashe masai in ya cika, a raba su bisa yawan kawunan da suke kowace ƙofa, gama iyali mai mutum takwas ba zai yi daidai da mai zaman kansa ba. Mai sana'ar da take cin ruwa ko wuta, kamar wanki da guga, ko niƙa, ko sayar da ƙanƙara, ya sa wannan a cikin kuɗin sana'arsa.

Ta uku, wanda ya kāsa, a sauƙaƙa masa. A Littafin Firistoci 5:6-11 an yarda wanda ba shi da halin kawo tunkiya ko akuya ya kawo tsuntsaye biyu, wanda ba shi da halin tsuntsaye kuma ya kawo ɗan gari. Luka 2:24 ta nuna cewa hadayar matalauta ce Yusufu da Maryamu suka kawo sa'ad da suka kai jariri Yesu Haikali. A gidan haya akwai watan da albashi yake makara, akwai ciwo, akwai rasuwa, akwai korar aiki. A irin wannan lokaci ne umarnin tallafa wa juna yake aiki. Amma taimako yana da sharuɗɗa biyu. Sai an fara yin lissafin gaskiya tukuna, a san abin da yake kan kowa, sa'an nan mai hali ya ce ya ɗauki kaza daga na wance. Kuma da yardar rai za a yi shi. Ba daidai ba ne mai bi ya yafe wa wani da kuɗin sauran maƙwabta ba tare da ya tambaye su ba. In yana so ya yi alheri, ya yi da aljihunsa. Wanda aka taimaka kuma kada ya mai da alherin ya zama haƙƙinsa na kowane wata. In Ubangiji ya buɗa masa, ya koma ɗaukar nasa kayan.

Zunuban da ake yi a ɓoye

Akwai halaye huɗu da suka zama ruwan dare har an daina ganin muninsu.

Na ɗaya shi ne ɓoye kaya. Ranar da za a zagaya ƙidayar kayan wuta, sai a tura risho ƙarƙashin gado, a rufe hita a cikin bokiti, a fito da su bayan an watse. Hananiya da Safiratu, a Ayyukan Manzanni sura 5, ba a hukunta su domin sun ba da kaɗan ba. An hukunta su domin sun nuna kamar abin da suka kawo shi ne duka.

Na biyu shi ne jinkiri da gangan. Mutum yana da kuɗin, amma ya bar maƙwabta su yi ta bin sa, har a zo a yanke wutar gidan duka, abincin da yake firij ɗin wani ya lalace, yaran wani su kāsa karatun jarrabawa, sa'an nan a sāke haɗa kuɗin mai da wuta. Romawa 13:7-8 ta umarci mai bi ya ba kowa haƙƙinsa, kada ya zauna da bashin kowa a wuyansa. Haka nan wanda ya tashi daga gida da dare ya bar bashin wata uku a kan waɗanda suka rage, sabon gidan da ya koma ba zai wanke shi ba.

Na uku shi ne satar wuta, wato a zagaye mita da waya, ko a ba wani ma'aikaci na goro domin ya kau da kai. Waɗansu suna kāre kansu da cewa ai kamfani ma yana cutar mutane. Wanda yake ganin an yi masa ƙiyasin da ya wuce kima yana da hanyar kai ƙara, daga ofishin kamfanin har zuwa hukumar da take sa ido a kansa, kuma maƙwabta suna iya haɗa kai su bi ta tare. Laifin wani ba ya halatta sata. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kan wannan, kuma in aka kama, gida duka ne yake shan kunya da tara. Banda haka, wayar da aka haɗa a ɓoye ba bisa ƙa'ida ba tana jawo gobara, wadda ba ta tambayar ɗakin wanda ya haɗa ta.

Na huɗu shi ne almubazzaranci. Da yake kuɗin na kowa ne, sai a bar fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, a bar famfo yana zuba, a bar tanki ya cika yana malala. Mutumin da yake kashe fitila in mitar tasa ce shi kaɗai, amma ya bar ta a kunne in ta haɗaka ce, yana da ma'auni iri biyu a jakarsa.

Wanda yake riƙe da kuɗin jama'a

Sau da yawa Kirista ne ake zaɓa ya tara kuɗin gida, domin ana kyautata masa zato. Wannan amana ce mai nauyi. Akwai masu tarawa da suke ƙara ɗan abu a kan na kowa domin nasu kason ya ɓace a ciki, akwai kuma masu juya kuɗin a kasuwa kafin su biya. Sa'ad da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi, a gaban Allah ko a gaban mutane. In manzo ya ga yana bukatar shaidu, mai tara kuɗin wuta ya fi bukata.

Saboda haka a sami littafi ɗaya da ake rubuta abin da kowa ya ba da, da ranar da ya ba da. A nuna takardar kuɗin da rasit ga kowa, ko a manna su inda kowa zai gani. In ta waya aka sayi yunit, a nuna saƙon. Mutum biyu su riƙa duba lissafin, zai fi kyau kuma in ba addininsu ɗaya ko yarensu ɗaya ba. A riƙa karɓa-karɓa, kada mutum ɗaya ya dawwama a kai. Sabon ɗan haya kuma a gaya masa tsarin tun ranar da ya shigo. Masu gidajen haya da suke cikin ikkilisiya su ma suna da nasu: kada su zauna a gida ɗaya da 'yan haya su tsame kansu daga biya, kuma in da hali su raba wa kowace ƙofa layinta tun lokacin gini. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

In saɓani ya taso

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ko a ikkilisiyar farko an yi gunaguni a kan rabon abinci, sa'ad da aka riƙa tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci. Manzanni ba su ce a yi shiru domin zaman lafiya ba. A Ayyukan Manzanni sura 6 sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka danƙa musu aikin. Ibrahim ma, a Farawa sura 21, ya fito fili ya yi wa Abimelek magana a kan rijiyar da aka ƙwace, suka daidaita a gaban shaida a Biyer-sheba. Haƙuri ba ya hana a faɗi gaskiya.

Amma akwai yadda ake faɗinta. Matiyu 18:15-17 ta koyar a fara samun mutum shi kaɗai. Habaici a bakin famfo, da waƙar zambo lokacin shara, da kai ƙarar maƙwabciya wurin taron Zumuntar Mata da sunan roƙon addu'a, duk ba sa gyara kome. Gara a same shi da ladabi a ce, "Malam, ga lissafin watan nan, don Allah mu duba tare," ko kuwa, "Mama, na ga kamar abin da ake karɓa a wurinki ya yi yawa, bari mu gyara." In bai ji ba, a kira mutum ɗaya ko biyu. In abin ya ci tura, a kai wa mai gida ko mai unguwa, in kuwa dukansu masu bi ne, a kai wa dattawan ikkilisiya. Akwai kuma lokacin da mai bi zai bar haƙƙinsa saboda salama, yadda Ishaku ya bar rijiyoyin Esek da Sitna ya haƙa Rehobot. Sai dai haƙƙin kansa ne mutum yake iya bari. Ba shi da izinin yin shiru a kan haƙƙin gwauruwa da maraya.

Kammalawa

Yara suna kallo. Yaron da aka aika ya ɓoye hita, ko aka ce ya gaya wa mai karɓar kuɗi Baba ba ya nan alhali yana ciki, ya koyi darasin da makarantar Lahadi za ta daɗe ba ta kankare ba. Maƙwabcin da ba ya zuwa majami'a shi ma yana kallo. Mai yiwuwa ba zai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma ya san ko Kiristan da yake ƙofa ta uku yana biya a kan lokaci, ya kuma san ko waƙar da ake rerawa a ɗakin da asuba ta yi daidai da abin da aka rubuta a littafin lissafi.

Sa'ad da Yesu ya shiga gidan Zakka a Yariko, alamar tubansa ta fito a lissafin kuɗi: ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Saboda haka kowane iyali na masu bi ya zauna a cikin watan nan, miji da mata da yara, su ƙidaya kayan wutar da suke ɗakinsu, su gwada da abin da suke biya. In sun tarar maƙwabci ne yake ɗaukar musu kaya, kada su jira a kama su. Su je da kansu su ce a ƙara musu, su kuma mayar da abin da ya wuce gwargwadon ikonsu. In sun tarar akwai wanda kayansa suka fi ƙarfinsa, su kama masa a asirce, ba tare da busa ƙaho ba.

Ubangiji, wanda ya ɗauki nauyin zunubin da ba mai iya ɗauka, ya ba jama'arsa zuciyar gaskiya a ƙaramin abu da babba, ya sa gidajen haya na Suleja da na ko'ina su zama wuraren salama, domin a ɗaukaka sunansa. Amin.